Tsayuwa gaban aji: tambayoyin da masu koyon aikin malanta suka fi yi kan magana da ƙarfin gwiwa

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta maimaituwa a bakin ɗaliban kwalejojin horar da malamai, musamman waɗanda za su koyar a firamare, kuma an fi jin su idan lokacin fita koyarwar gwaji ya matso. Na fara da na farko-farko, na gangara zuwa masu ɗan zurfi. Ba dole sai ka karanta a jere ba, inda wata amsa ta jingina da wata zan nuna maka.

1. Me ya sa da zarar na tsaya gaban aji jikina yake ɗaukar rawa, bakina ya bushe?

Jikinka ne yake yin aikin da aka halicce shi ya yi idan ya hango haɗari, matsalar kawai ita ce ba ya bambance haɗarin gaske da idanu arba'in da suka zubo maka. Ƙwaƙwalwa tana ba da umarni a saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu don ta tura jini zuwa manyan tsokoki, numfashi ya gajarce, yawu ya ragu saboda an dakatar da harkar narkar da abinci, shi ya sa harshe yake mannewa a baki. Rawar hannu kuma ƙarfi ne da aka tanada don gudu ko kokawa, ba ka yi ko ɗaya ba, sai ya fita ta yatsu. Ka lura da kyau, abin ya fi tsanani kafin ka fara da kuma 'yan mintunan farko, in ka daure ka ci gaba da magana yakan lafa da kansa. Saboda haka ne tambaya ta 6 ta tsaya a kan farkon darasi kaɗai.

2. Yara da sufabaiza, wato malamin da ke zuwa duba koyarwata, suna ganin wannan tsoron a jikina?

Kaɗan suke gani, ƙasa sosai da yadda kake zato. Kai kana jin bugun zuciyarka har cikin kunne, su kuwa malami kawai suke gani a tsaye da alli a hannu. Wasu masana halayyar ɗan adam biyu, Kenneth Savitsky da Thomas Gilovich, sun gwada wannan a wani bincike da suka fitar a 2003: masu jawabi sun ɗauka ruɗewarsu ta fito fili fiye da yadda masu sauraro suka gani, kuma waɗanda aka yi wa bayanin haka kafin su tashi, jawabinsu ya fi kyau har a idon masu kallo. Wato sanin cewa ba a gani ɗin ma kansa magani ne.

Abin da ke tona asiri shi ne takarda. In ka riƙe falle ɗaya a hannu mai rawa, gefen takardar zai riƙa kaɗawa har na layin baya ya gani. Ajiye ta a tebur, ko ka riƙe littafi mai bango.

3. Ni mai kunya ce tun ina yarinya, ko a cikin ƙawaye ba na yawan magana. Anya zan iya aikin nan?

Za ki iya, Malama. Surutu daban, iya koyarwa daban. Akwai masu zuba kamar ba za su gaji ba amma in suka fita daga aji ka tambayi yaro me aka koya sai ya yi zuru, akwai kuma malamai masu sanyin hali da ajinsu ke tsit don yara sun saba sai sun kasa kunne. Abin da aikin yake nema a wurinki shi ne maganarki ta fita sarai, ki san abin da za ki faɗa, ki iya tsayar da ido a kan yaro har ya gama amsa. Duk waɗannan koyonsu ake yi. Halinki na wajen aji ba sai kin canja shi ba, mutane da yawa suna da muryar aji wadda suke ɗauka a bakin ƙofa su ajiye in an tashi.

4. To ta ina ƙarfin gwiwar yake zuwa? Na karanta, na shirya, amma har yanzu ban ji shi ba.

A nan mafi yawan ɗalibai suke juya lissafin. Suna jira sai sun ji ƙarfin gwiwa sannan su tashi su yi magana, alhali shi a bayan yi yake zuwa. Albert Bandura na Jami'ar Stanford da ke Amurka ya yi bayani a 1977 kan yadda mutum ke samun yarda da cewa zai iya wani aiki, ya kawo hanyoyi huɗu: ka yi abin da kanka ka ga ya yiwu, ka ga wani irinka ya yi, wani da ka yarda da shi ya ce maka za ka iya, sai kuma yadda kake fassara abin da jikinka ke yi. Ta farko ta fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba. Yabon aboki yana da daɗi amma ba ya kai darasi ɗaya da ka tsaya ka gama yara suka gane.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne ka tara ƙananan nasarori tun kana kwaleji. Ɗaga hannu ka yi tambaya a lakca. In an raba aikin rukuni kar ka zama wanda kullum yake cewa "ni zan yi rubutun, wani ya gabatar". Nemi ka koyar da yara biyu ko uku karatu, ka ga yadda fuskar yaro take canjawa in ya gane. Kuma in za ka kalli wani don koyi, ka kalli wanda ya ɗan fi ka kaɗan, don kallon gogaggen malami mai shekara ashirin a aiki wani lokaci karya gwiwa yake yi, sai ka ce ni ina zan kai can.

Hanya ta huɗun ma tana da amfani a ranar darasin. Alison Wood Brooks ta Jami'ar Harvard ta nuna a 2014 cewa waɗanda suka ce wa kansu suna cikin zumuɗi kafin jawabi sun fi waɗanda suka yi ƙoƙarin cewa hankalinsu kwance yake. Dalilin ba shi da wuyar ganewa, tsoro da zumuɗi bugun zuciya ɗaya suke da shi, ya fi sauƙi ka sauya wa abin suna da ka ce sai ka kashe shi.

5. Maikiro-tishin ɗin da ake sa mu yi gaban 'yan ajinmu yana da wani amfani? Ai ba yara ba ne.

Yana da shi, in an yi shi yadda aka tsara. A Stanford aka fara shi a 1963, Dwight Allen da abokan aikinsa, kuma tsarin asali shi ne ɗan gajeren darasi na 'yan mintuna ga ɗalibai kaɗan, a mai da hankali kan fasaha ɗaya tak, misali yin tambaya ko buɗe darasi, a ba ka gyara, sannan ka sake koyar da shi. Wannan sakewar ita ce zuciyar abin, kuma ita ce aka fi tsallakewa saboda ɗalibai sun yi yawa lokaci ya yi kaɗan, sai ya koma kowa ya tashi sau ɗaya a ba shi maki a wuce. In haka ake yi a wurinku, ku haɗu ku huɗu ko biyar ku yi sakewar da kanku.

Ku ɗauki bidiyo da waya. Kallon farko ba daɗi, kowa yana ƙin jin muryarsa, amma a nan za ka ga kana cewa "kun gane ko?" bayan kowace jimla, ko kana lilo daga ƙafa zuwa ƙafa, ko rabin darasin allo kake yi wa magana. Zaɓi abu ɗaya ka gyara a zagaye na gaba. Ɗaya fa, ba biyar ba.

6. Yaya zan fara? Mintunan farko su suka fi ba ni wahala.

Jimloli biyu ko uku na farko kaɗai ka haddace, ka maimaita su da baki, da murya a sama, har su zauna. Shiga, ajiye kayanka, tsaya inda kowa ke ganinka, fitar da numfashi a hankali ya fi shigarsa tsawo, duba ajin daga wannan kusurwa zuwa waccan, sannan ka gaishe su. Kar ka fara magana kana tafiya ko kana goge allo. Daga nan ka yi maza ka ba yaran abin yi, don da zarar sun shiga aiki idanun sun sauka daga kanka. Misali darasin rabi da kwata ne a aji uku: ka ɗaga takarda, ka naɗe ta biyu a gabansu, ka buɗe, ka ce "wa zai faɗa mini kashi nawa ta zama?" Hannaye sun tashi, wani yana "ni Malam, ni Malam", kai kuma ka samu daƙiƙa goma ka yi numfashi, bakinka ya jiƙe.

7. In haddace darasin duka don kar in manta?

A'a. Wanda ya haddace kalma bayan kalma, in yaro ɗaya ya katse shi da neman izinin fita shi ke nan zaren ya tsinke, kuma ajin firamare katsewa ce daga farko har ƙarshe. Ka san matakan darasinka a jere: me zan nuna, me zan tambaya, me za su yi, ta yaya zan san sun gane. Rubuta su a ɗan kati, kalma biyu-biyu. Cikakken shirin darasin da ka rubuta yana tebur don sufabaiza da kuma lallura, ba don ka tsaya kana karanto shi ba.

8. Ana ce mini ina sauri, darasin minti talatin sai in gama shi a sha biyar. Ya zan yi?

Tsoro ne ke haifar da sauri, jiki yana so ya gama ya tsere. Cewa "zan rage sauri" a zuci ba ya aiki sosai, abin da ke aiki shi ne ka saka wuraren tsayawa a cikin darasin da gangan. Bayan kowane sabon abu, tsaya, rubuta shi a allo ba tare da magana ba, juyo, sa yara su faɗa.

Babban wurin da ya kamata ka koyi shiru shi ne bayan tambaya. Mary Budd Rowe, wata masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, ta saurari rikodin ɗin darussa masu yawa, ta gano malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya kafin su maimaita ta, ko su kira wani, ko su amsa da kansu. Ta gabatar da wannan a 1972, tare da cewa in jiran ya kai daƙiƙa uku zuwa sama, amsoshin yara suna ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suna fara ɗaga hannu, "ban sani ba" tana raguwa. Daƙiƙa uku a gaban aji ji za ka yi kamar shekara, musamman in sufabaiza yana zaune a baya yana rubutu, amma ƙirga a zuci ka daure. A ganina wannan ita ce fasaha mafi arha da sabon malami zai koya, kuma malamin da ya iya shiru yara suna ɗaukarsa ya san abin da yake yi.

9. Muryata ba ta kaiwa bayan aji, in na ɗaga kuma kafin tashi maƙogwarona ya dishe.

Wannan tambayar ta fi yadda ake ɗaukarta muhimmanci, don murya ita ce jarin malami. Wani bincike da Nelson Roy da abokan aikinsa suka fitar a 2004 a Amurka ya samu kusan kashi 58 cikin 100 na malamai sun taɓa fama da matsalar murya a rayuwarsu, waɗanda ba malamai ba kuwa kusan kashi 29. Ihu kullum yana sa tantanin da ke kaɗawa ya fitar da murya ya riƙa gogar juna da ƙarfi har ya yi kanta, murya ta zama kullum a shaƙe.

Akwai wani abu da wani likita ɗan Faransa, Étienne Lombard, ya bayyana tun 1911: mutum yana ɗaga murya ba tare da saninsa ba in hayaniya ta ƙaru a kusa da shi. A aji haka yake faruwa, yara su ɗaga, kai ka ɗaga, su ƙara, kai ka ƙara. Mafita ita ce kar ka yi magana a kan hayaniya sam. Ku yi yarjejeniyar alama tun ranar farko, tafi sau uku su amsa da tafi, ko ka ɗaga hannu duk wanda ya gani ya ɗaga nasa ya yi shiru, sai an yi tsit ka buɗe baki. Ja numfashi har cikinka ya taso, buɗe baki sosai, ƙarasa ƙarshen kalmomi, fuskanci yaran, kar ka yi bayani kana kallon allo. Matsa kusa da na baya maimakon ka jefa musu murya. Ajiye ruwa kusa, ka rage yawan gyaran murya da kakari, raɗa ma in murya ta gaji wahalar da ita take yi. In dishewar ta wuce mako uku zuwa huɗu ba ta tafi ba, je ka ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

10. Ina zan sa idona, ina zan kai hannuwana?

Ido a kan yara, ɗaya bayan ɗaya, ka gama jimla a kan wannan ka koma wancan, har da na kusurwoyin baya da na gefen taga. Wannan shawarar ta cewa ka kalli bango a saman kawunansu ba ta yi a firamare, don kallon nan aiki ne. Jacob Kounin, da ya yi nazarin bidiyon azuzuwa ya fitar da sakamakonsa a 1970, ya ga cewa malaman da ajinsu ya fi natsuwa su ne waɗanda yara suka tabbata suna ganin duk abin da ke faruwa, suna tare ɓarna tun tana ƙarama. Hannu kuwa ba shi aiki: alli, abin nuni, ƙirga da yatsu. Fitar da shi daga aljihu, kuma daina murza allin nan har ya karye.

11. Na iya bayani gaban 'yan ajinmu, amma yara ƙanana sai su yi ta kallona. Me ke faruwa?

Kana yi musu lakca ne. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai ba ya riƙe umarni huɗu a jere. In ka ce "ku fito da littattafanku ku buɗe shafi na goma ku rubuta kwanan wata sannan ku amsa tambaya ta ɗaya zuwa ta biyar", rabinsu sun tsaya a fito da littafi. Ka ce "littafi a kan tebur", jira, duba. "Shafi na goma", rubuta 10 a allo, jira. Haka har ƙarshe. Gajerun jimloli, abu a hannu kafin sunansa, kuma ka bar tambayar "kun gane?", don amsarta kullum "eh Malam" ce ko ba su gane komai ba. Ce wa yaro ɗaya ya faɗa maka me za a yi yanzu, a nan za ka ji gaskiya.

12. In kaina ya ɗauke tsakiyar darasi fa, ko yaro ya yi tambayar da ban san amsarta ba?

In ka manta, juya ga yaran: "wa zai tuna mana abin da muka faɗa yanzu?" Su suna ɗauka bita ce, kai kuma ka duba katinka na tambaya ta 7. Tambayar da ba ka sani ba kuwa, ka ce tambaya ce mai kyau, za ka bincika ka kawo amsa gobe, ka rubuta ta a gefen allo, kuma goben ka kawo ɗin. Abin da bai kamata ba shi ne ƙirƙiro amsa ko yi wa yaron tsawa, yaro yana riƙe abin da malaminsa ya faɗa shekara da shekaru.

13. Na yi tuntuɓen harshe yara suka fashe da dariya. Na rasa girmana ke nan?

Ba ka rasa ba. Yi murmushi, gyara kalmar, wuce. Dariyar yara ba ta daɗewa in ba ka ba ta abin ci ba, abin da ke tsawaita ta shi ne fushi ko dogon bayani. In kuwa dariyar ta koma raini da gangan daga yaro ɗaya ko biyu, wannan maganar riƙon aji ce, ka yi magana da su a gefe bayan darasi, ka kuma sanar da malamin da ke riƙe da ajin.

14. Da harshen da ba nawa ba nake koyarwa, kullum ina tsoron kuskure.

Nauyi biyu ne a kanka, darasi da harshe, to rage na biyun tun a gida. Fitar da kalmomin darasin da dole ka faɗa, ka saurari yadda ake furta su, ka maimaita da baki. Tanadi jimlolin da aji ke buƙata kullum, na ba da umarni, na yabo, na gyara, har su zama ba sai ka yi tunani ba. Gajeriyar jimla daidai ta fi doguwa mai kwalliya wadda za ka ɓata a tsakiya, kuma dama gajeriyar yaran suke so, kamar yadda ya zo a tambaya ta 11. Karin harshenka ba laifi ba ne matuƙar ana fahimta.

15. Ina da in'ina. In haƙura da malanta?

Kar ka haƙura. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari na manya yana da ita, kuma akwai malamai a cikinsu. Ba tsoro ke haifar da ita ba, amma tsoro da ƙoƙarin ɓoye ta suna ƙara mata nauyi. Da yawa sun fi samun sauƙi in suka faɗa wa yara tun farko a taƙaice, cewa wani lokaci kalma takan tsaya mini, ku jira ni, kar ku ƙarasa mini. Yara suna sabawa da wuri fiye da manya. Sanar da sufabaiza kafin ranar duba ka, kuma in da hali ka ga ƙwararren mai gyaran magana.

16. Ranar da sufabaiza zai zo komai nawa yake rikicewa. Akwai dabara?

Kar ka sauya darasin don shi. Sabbin malamai kan kwaso kayan koyarwa kala-kala da wata sabuwar dabara da ba su taɓa gwadawa ba a ranar, yara su rikice, su ma su rikice. Yi abin da ku da yaran kuka saba. Miƙa masa shirin darasinka, nuna masa wurin zama, daga nan ka mai da idonka kan yara kamar yadda tambaya ta 10 ta ce. Rubutun da yake yi ba duka laifi ba ne, fom yake cikewa, akwai gurbin abin da ka yi daidai. Bayan darasi in ya yi gyara, tambaye shi wanne ɗaya ya fi so ka fara gyarawa, ka rubuta a gabansa.

17. Na saba da aji, amma in aka ce in yi magana a asembili ko taron iyaye sai tsoron ya dawo sabo.

Haka yake, yarda da kai tana bin aikin da ka saba ne, ba ta cika tsallakawa wani da kanta ba. Fara da ƙarami, sanarwar minti ɗaya a asembili. Gaban iyaye ka shirya abu uku kawai: me yara suke koya, ina suka tsaya, me kake so a taimaka da shi a gida. Bar manyan kalmomin kwaleji a kwaleji, kuma kar ka ambaci matsalar yaro ɗaya gaban jama'a.

18. Yaushe abin zai wuce, kuma yaushe zan san ya wuce misali?

Frances Fuller ta Jami'ar Texas ta yi nazarin damuwar masu koyon malanta, a 1969 ta nuna cewa da farko damuwarsu a kan kansu take, ya nake a idonsu, zan iya riƙe ajin kuwa, sai daga baya ta koma kan ko yaran suna koyo. Za ka gane ka tsallaka ranar da ka fito daga aji kana tunanin yarinyar nan ta layi na uku da har yanzu take juya b da d, ka manta ma ko muryarka ta yi rawa. Wasu cikin 'yan makonni, wasu sai sun fara aiki sosai, kuma ɗan faɗuwar gaba ranar sabon aji ko gogaggu suna jin sa.

In kuwa tsoron yana hana ka barci kwanaki kafin darasi, kana amai ko numfashi yana sarƙewa, kana ƙirƙirar ciwo don kar ka je makaranta, ko har ka fara tunanin barin karatun saboda shi, to wannan ya wuce abin da atisaye kaɗai zai gyara. Akwai matsalar tsananin fargabar shiga mutane wadda likitoci suka sani, kuma tana jin magani, musamman irin zaman da ake yi da ƙwararre ana gyara tunani ana tunkarar abin tsoron mataki-mataki. Fara da ofishin ba da shawara na kwalejinku ko malamin da ke kula da koyarwar gwajinka, kuma kar ka sha wata ƙwayar kwantar da hankali da aboki ya miƙo maka kafin darasi ba tare da likita ya rubuta ba.